Fayil Na Sama

Ni ne Nomau, masinja a sakatariyar Bunza,
shekara goma sha tara ina ɗaukar takarda
daga tebur zuwa tebur.
Ba a taɓa tambayar ra'ayina ba,
ko da wasa.

Bara kuɗin gada ɗaya suka zo,
ƙauyuka biyu suka miƙo hannu:
Tungar Gero da Tungar Maje.
Rafi ɗaya ke raba su da kasuwa,
damina ɗaya ke cinye musu hanya.

Ran nan da safe na ci masar Tumba a bakin ƙofa,
mai ya biyo yatsana,
ya sauka a bangon fayil ɗin Maje.
Kunya ta sa na tura shi ƙasa,
na ɗora na Gero a kai.
Iyakar abin da na yi ke nan.
Ciyaman kuwa, na sama yake karantawa da tabarau,
na ƙasa sai dai ya auna nauyinsa da hannu.

Arzika direba yana bin wani mai kifi bashi a Gero.
Ran Laraba ya ce,
"Ranka shi daɗe, hanyar nan ta fi kusa."
Ba ta fi ba.
Mota ta kafe a laka har ciki,
takalmin Ciyaman, sabo fil,
ya shiga fari ya fito baƙi.
Abin da wasiƙu bakwai suka kasa faɗa wa kunne
laka ta faɗa wa ƙafa.

Sai wanzami, ran Juma'a,
aska a maƙogwaro, murya ƙasa-ƙasa:
"An ce mutanen Gero ba su manta alheri."
Wa ke musu da mai riƙe da aska?
Ciyaman ya yi gyaran murya kawai,
maganar ta kwana a ciki, ta yi tsiro.

Ranar zama aka ɗauke wuta.
Fanka ta tsaya, azahar ta matso,
ƙamshin shinkafa na leƙowa ta taga.
Sakatare ya ce, "Galibi dai an fi karkata ga Gero,"
alhali ba wanda ya ƙirga galibin.
Kansila Labbo ya ɗaga hannu zai kori ƙuda,
na kusa da shi ya gani, ya ɗaga,
hannuwa suka miƙe kamar dawa bayan ruwa.
Kansilan Maje ya buɗe baki,
ladan ya riga shi.

Da dare rediyo ta ce,
"Bayan dogon nazari da tuntuɓar masana..."
Na kashe ta.
Na daɗe ina duban yatsana.

Ban ce Gero ba su cancanta ba.
Gadarsu na nan, amalanke na wucewa da albasa,
yara na isa makaranta da busasshen wando.
Amma a Maje har yau Hassi ungozoma
kan ɗaure zane a ƙirji, ta ɗora jaka a ka,
ta shiga ruwa tsakar dare tana ambaton Allah,
in ta tambayi dalili
a ce mata haka gwamnati ta ga dama.

Gwamnati!
Mun ɗauka giwa ce, mai taka inda ta so,
ashe kwalekwale ne a tsakiyar gulbi,
iskar da ba ta isa ta tada toka ba
ita ke juya masa hanci,
mai filafili na rantsuwa shi ya zaɓi gaɓa.

Ni ma ɗin, wa ya kai ni wurin Tumba?
Ba yunwa nake ji ba.
Sunana ta kira, ta sa "Malam" a gaba,
abin da ba a yi mini a ofis.

Gobe Litinin.
Fayil biyu na jira a kabad,
asibiti ɗaya.
Na wanke hannu da sabulu har sau uku,
amma dole ɗaya ya hau kan ɗaya,
kuma ni zan ɗauka.